BABI NA UKU: RA'AYOYIN ALHAJI SHEHU SHAGARI KAN ZAƁE DA MAKAMASHI DA KASHE KUƊIN GWAMNATI, 1954–1983

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda siyasar jam'iyyu ta shigo Lardin Sakkwato. A wannan babi kuwa za a ɗauki ɗaya daga cikin 'yan majalisar da lardin ya tura Ikko, wato Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, a dubi matsayinsa kan abubuwa uku: zaɓe, da makamashi, da kashe kuɗin gwamnati. Dalilin zaɓen sa shi ne, ya yi kusan shekara goma sha biyu a Majalisar Wakilai, ya riƙe baitulmalin ƙasa, daga baya kuma ya shugabance ta. Ke nan ana iya auna abin da ya tashi da shi a majalisa da abin da ya aikata sa'ad da wuƙa da nama suka zo hannunsa.

Idan aka ce "ra'ayin riƙau" a wannan nazari, ana nufin irin aƙidar jam'iyyar N.P.C., wadda ta ginu kan girmama sarauta da hukumar En'e, da kawo sauyi sannu a hankali, da tsare matsayin Arewa a cikin tarayya. Hujjar da babin zai kafa ita ce, Shagari ya riƙe wannan aƙida da kyau a fagen siyasa, amma a fagen kuɗi bai kasance mai riƙon hannu ba, kuma wannan saɓani yana daga cikin abubuwan da suka kayar da Jamhuriya ta Biyu.

3.1 Tasowarsa da Shigarsa Majalisa

An haifi Shehu Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925 a garin Shagari, kudu da birnin Sakkwato. Mahaifinsa Aliyu shi ne Magajin Shagari. Ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, sannan ya tafi Kwalejin Kaduna daga 1941 zuwa 1944. Bayan ya sami horon malanta ya dawo yana koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, daga baya ya zama hedimasta a Argungu. A shekarun nan ne ya shiga ƙungiyar matasa 'yan boko ta Sakkwato, irin ƙungiyoyin da suka haɗu suka haifar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta N.P.C. a 1951.

A 1954 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai daga mazaɓar Sakkwato ta Yamma. A 1958 ya zama Sakataren Majalisa na Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan zaɓen 1959 aka ba shi Ma'aikatar Raya Tattalin Arziki, daga nan ya koma ta fansho da tsarin ma'aikata, sai ta Harkokin Cikin Gida daga 1962 zuwa 1965, sai ta Ayyuka har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. A tsarin wancan lokaci minista ɗan majalisa ne, saboda haka duk waɗannan shekaru yana bisa kujerar mazaɓarsa. A 1962 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato. Wannan tarihi ya nuna mutum ne da ya haɗa gidan sarauta da ilimin zamani, wato irin mutanen da Sardauna Ahmadu Bello ya gina N.P.C. da su.

3.2 Matsayinsa Kan Zaɓe

Zaɓen da Shagari ya fara sani ba irin na yau ba ne. A 1951 zaɓen Arewa mai hawa-hawa ne: masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye ko unguwa, wakilan su zaɓi wasu a gunduma, har a kai matakin lardi, inda En'e ke da ikon cusa nata mutane kimanin kashi 10 cikin ɗari. Da wannan tsari ne jam'iyyar N.E.P.U. ta yi nasara a matakin farko cikin birnin Kano, amma ba ta kai ko mutum ɗaya Majalisar Arewa ba. Zaɓen tarayya na 1954 da ya kai Shagari Ikko shi ma ta hannun wakilai aka yi shi a Arewa. Sai a 1959 aka yi zaɓen tarayya na kai tsaye, shi ma maza kaɗai suka jefa ƙuri'a. Matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

Abin da za a fahimta a nan shi ne, a wurin N.P.C. zaɓe hanya ce ta tabbatar da shugabannin da al'umma ta riga ta sani. N.E.P.U. ta Malam Aminu Kano kuwa ta ɗauke shi makamin da talaka zai kawar da su. A ƙasar Sakkwato, inda Sarkin Musulmi yake, kuma inda Sardauna ya fito, fahimta ta farko ce ta yi rinjaye. A zaɓen 30 ga Disamba 1964, lokacin da Shagari ke Ministan Cikin Gida, an bayyana 'yan takarar N.P.C. da dama a Arewa a matsayin waɗanda suka ci ba hamayya, abin da ya sa ƙawancen U.P.G.A. ya ƙaurace wa zaɓen a wurare da yawa. Bai fita daga gwamnatin ba, ya ci gaba da aiki da ita har ranar da sojoji suka rushe ta.

Sai dai ba za a ce bai ɗauki darasi ba. N.P.C. ta mutanen Arewa ce zalla, ko sunanta ya faɗi haka. Jam'iyyar N.P.N. da ya shiga kafawa a 1978, bayan zamansa a Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978, ta zo da tsarin raba manyan muƙamai tsakanin shiyyoyi: ɗan takarar shugaban ƙasa daga Arewa, mataimakinsa Dakta Alex Ekwueme daga Gabas, shugaban jam'iyya Cif Adisa Akinloye daga Yamma. Shagari da kansa ya sha bayyana cewa kujerar Majalisar Dattawa yake so, abokan siyasa ne suka matsa masa, kuma sunan littafin tarihin rayuwarsa, Beckoned to Serve, wanda ya fito a 2001, yana ɗauke da wannan ma'ana ta wanda aka kira ya amsa. Wannan ma ɗabi'ar riƙau ce, domin a tarbiyyar gidajen Sakkwato neman mulki da baki abin kunya ne.

A zaɓen 11 ga Agusta 1979 ya sami ƙuri'a kimanin miliyan 5.7, Cif Obafemi Awolowo na U.P.N. ya sami kimanin miliyan 4.9. A Jihar Sakkwato ya sami kusan kashi biyu cikin uku, Alhaji Waziri Ibrahim na G.N.P.P. ya biyo shi. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94. Lauyansa Cif Richard Akinjide ya kafa hujja cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne sha biyu da sulusi biyu, don haka abin da ake bukata a jiha ta goma sha uku rubu'in sulusi biyu na ƙuri'unta ne, wato kashi 16.67. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta karɓi wannan lissafi, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi ranar 26 ga Satumba 1979, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran alƙalai. Da an ƙi lissafin, da 'yan majalisun tarayya da na jihohi ne za su zauna su zaɓi shugaba, wato a koma ga zaɓe ta hannun wakilai irin wanda ya fara kai shi Ikko.

Da yake N.P.N. ta sami kujera 36 kawai cikin 95 a Majalisar Dattawa, da 168 cikin 449 a Majalisar Wakilai, sai Shagari ya koma ga abin da ya koya wurin Tafawa Ɓalewa, wato ƙawance. Ya ƙulla yarjejeniya da N.P.P. ta Dakta Nnamdi Azikiwe, aka ba ta kujerar Kakakin Majalisa da wasu ministoci. Yarjejeniyar ta wargaje a Yulin 1981. A ɗaya gefen kuma, a Janairun 1980 gwamnatinsa ta kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Jihar Borno, zuwa ƙasar Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, har sai da kotu ta soke korar.

Zaɓen 1983 shi ne gwajin ƙarshe. Rajistar masu zaɓe ta tashi daga kimanin miliyan 48 zuwa sama da miliyan 65 cikin shekara huɗu. An ba Shagari ƙuri'a sama da miliyan 12, ninki biyu na abin da ya samu a 1979, alhali ƙasa na cikin ƙuncin tattalin arziki. A Jihar Ondo, da aka ce Cif Akin Omoboriowo na N.P.N. ya kayar da Gwamna Michael Ajasin, jama'a suka tayar da tarzoma, aka yi asarar rayuka, daga baya kotu ta mayar wa Ajasin kujerarsa. Matsayin Shagari shi ne wanda bai gamsu ba ya tafi kotu. Wannan matsayi daidai ne a doka, amma bai amsa tambayar waye ya kumbura rajista ba, kuma jam'iyyarsa ce ta fi cin moriyar kumburin.

3.3 Matsayinsa Kan Makamashi

A Jamhuriya ta Farko maganar makamashi ta fi karkata ga lantarki. Gwamnatin da Shagari ke ciki ta kafa Hukumar Madatsun Kogin Kwara a 1962, ta sa madatsar Kainji a sahun gaba na Shirin Raya Ƙasa na 1962 zuwa 1968. An fara ginin a 1964, aka gama a 1968. Ga ɗan majalisa daga Sakkwato aikin yana da ma'ana ta musamman, domin Arewa ba ta da kwal irin na Inugu, ba ta da mai irin na yankin Neja-Delta, ruwan Kwara ne abin da take da shi. Daga Kainji ne layin wuta ya bi ta Birnin Kebbi ya kai Sakkwato, kuma daga 1976 wani reshe ya tsallaka zuwa Yamai.

Lokacin da yake Kwamishinan Kuɗi na Tarayya, daga 1971 zuwa 1975, man fetur ya zama ginshiƙin tattalin arziki. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a Yulin 1971, ta kafa kamfanin mai na ƙasa a wannan shekara, farashin ganga kuma ya ninka kusan sau huɗu bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta daidaita farashin fetur a duk faɗin ƙasa. Ba wanda wannan mataki ya amfana kamar mutanen Sakkwato da Borno, waɗanda suka fi kowa nisa da tashar jirgin ruwa, domin gwamnati ce ta ɗauki nauyin bambancin kuɗin dako.

Da ya zama shugaban ƙasa, ya ci gaba bisa wannan turba ta cewa makamashi dukiyar tarayya ce, gwamnati za ta mallake ta, ta raba ta ga kowane yanki. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, wadda bututunta ya kai har ma'ajiyar mai ta Gusau, a lokacin tana cikin Jihar Sakkwato. An ci gaba da aikin madatsun Jebba da Shiroro da tashar lantarki ta Egbin, ko da yake ba a ci moriyarsu ba sai bayan faɗuwar gwamnatinsa. A 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda ta mayar da hankali kan hasken rana. Ya naɗa Malam Yahaya Dikko mai ba shi shawara kan mai da makamashi.

Raunin manufar ya bayyana ta fuska uku. Na farko, shirin sarrafa iskar gas na Bonny ya ruguje a 1982, aka ci gaba da ƙone gas a banza, Nijeriya ba ta fara fitar da shi waje ba sai 1999. Na biyu, zargin ɓatan naira biliyan 2.8 daga asusun N.N.P.C. ya sa ya kafa kotun bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Ayo Irikefe a 1980. Kotun ta ce kuɗin ba su ɓace ba, amma ta gano lissafin kamfanin ba ya cikin tsari. Na uku, da kasuwa ta cika da mai, abin da ake haƙowa ya faɗi daga ganga miliyan 2.3 a rana a 1979 zuwa kimanin miliyan 1.3 a 1982. Nijeriya ta rage farashi daga dala 40 zuwa 36 a Agustan 1981, ta sake ragewa zuwa dala 30 a Fabrairun 1983. A cikin gida kuwa, ƙarin da ya yi wa fetur guda ɗaya ne, daga kwabo 15.3 zuwa kwabo 20 a lita a Afrilun 1982.

3.4 Matsayinsa Kan Kashe Kuɗin Gwamnati

A ƙasashen Turai ana sanin mai ra'ayin riƙau da ƙin kashe kuɗin gwamnati, kamar yadda aka gani ga Margaret Thatcher a Ingila, wadda ta hau mulki a shekarar da Shagari ya hau. Riƙau na N.P.C. ba haka yake ba. Damuwarta ita ce Arewa ta kamo Kudu a ilimi da hanyoyi da ma'aikata, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da kuɗin hukuma. Shagari ya nuna haka bayan 1966, da ya dawo gida ya yi aiki da asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato, wanda ya gina makarantu da gudummawar jama'a, sannan ya zama kwamishina a Jihar Arewa maso Yamma.

A zamaninsa na Kwamishinan Kuɗi aka sauya fam zuwa naira ranar 1 ga Janairu 1973. A nan ne kuma aka yi ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975 tare da bashin watannin baya, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabi, jiragen siminti suka cunkushe tashar Ikko. Wanda ya ga wannan da idonsa ya kamata ya san haɗarin ɗora kasafi kan farashin mai. Duk da haka Shirin Raya Ƙasa na Huɗu, na 1981 zuwa 1985, an tsara shi a kan naira biliyan 82. A ciki akwai shirin bunƙasa noma da aka ƙaddamar a 1980, da gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, waɗanda aka riƙa kira gidajen Shagari, da kamfanonin ƙarfe na Ajaokuta da Aladja, da masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo, da sababbin jami'o'in fasaha, da gaggauta ginin Abuja. Bayan yajin aikin gama-gari na Mayun 1981 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 125.

Idan aka lura da yadda aka baza waɗannan ayyuka, za a ga kowane yanki an ba shi nasa. Ke nan kashe kuɗi a wurinsa hanya ce ta ɗinke ƙasa da riƙe jam'iyya. Haka kuma ya tsaya kan cewa tarayya ta fi jihohi kaso. Dokar rabon arziki ta 1981, wadda ta biyo bayan rahoton kwamitin Dakta Pius Okigbo, Kotun Ƙoli ta soke ta a Oktoban 1981 bisa ƙarar Jihar Bendel, saboda ba a mayar da matsayar kwamitin haɗin gwiwa gaban majalisun biyu ba. Wannan abin mamaki ne ga tsohon ɗan majalisa. Sabuwar dokar ta 1982 ta ba tarayya kashi 55, jihohi 35, ƙananan hukumomi 10.

Jihar Sakkwato ta ga ɗaya fuskar manyan ayyuka. A Afrilun 1980 manoman Bakolori, kusa da Talata Mafara, waɗanda aikin madatsa ya cinye wa gonaki, suka tare hanyoyi suna neman diyya. 'Yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta amsa mutuwar mutum ashirin da 'yan kai, masu bincike kuwa sun kai adadin ga ɗaruruwa. An gina madatsar kafin mulkinsa, amma harbin a zamaninsa aka yi shi, kuma a jiharsa.

A Yulin 1981 Awolowo ya rubuta masa wasiƙa yana gargaɗin cewa tattalin arziki na dab da durƙushewa, gwamnati ta musanta. Wata tara bayan haka, a Afrilun 1982, Shagari ya kai wa majalisa dokar tsuke bakin aljihu, wadda ta taƙaita shigo da kaya. Sai dai lasisin shigo da kaya, musamman shinkafa, ya zama hanyar azurta 'yan jam'iyya. Ajiyar kuɗin waje ta faɗi daga sama da dala biliyan 10 a 1980 zuwa kimanin biliyan 1 a 1983, jihohi da yawa suka kasa biyan malaman makaranta, gwamnati ta fara neman bashi daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa ra'ayoyin nan uku tushensu ɗaya. Zaɓe a wurin Shagari hanya ce ta sasanta manyan kowane yanki. Mai da lantarki su ne dukiyar da ake sasantawa a kanta. Kasafin kuɗi kuwa shi ne ma'aunin rabon. Tsarin yana tafiya muddin akwai abin rabawa, shi ya sa faɗuwar farashin mai ta taɓa har akwatin zaɓe, domin wanda ya rasa mulki a 1983 ya san ya rasa komai.

Adalci ne a ambaci cewa kwamitin Mai Shari'a Samson Uwaifo ya wanke shi daga zargin cin dukiyar jama'a a 1986, kuma ya koma garinsu ya zauna cikin mutunci har rasuwarsa a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018. Amma tsarkin hannun shugaba bai wadatar ba idan na kusa da shi ba su ji tsoronsa ba. Haƙuri da sulhu da suka sa ya yi fice a majalisa, su ne suka hana shi tsawata wa ministocinsa da jam'iyyarsa. Matsalolin da ya bari sun daɗe bayansa: tallafin fetur ya kai har 2023, lokacin da gwamnati ta sake sanar da janye shi. A babi na huɗu za a dubi yadda 'yan hamayya a ƙasar Sakkwato, daga N.E.P.U. zuwa G.N.P.P., suka kalli waɗannan al'amura uku.